A gindin madatsar ƙasa: tafiyata Zazzau da bazara

Tun daga daren da dam ɗin Alau ya ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri, hankalin Gwaggona bai ƙara kwanciya ba. Tana aure ne a wani ƙauye da ke wajen Zariya, gidansu kuwa yana cikin gidajen da ke ƙasan wata ƙaramar madatsar ruwa da aka gina da ƙasa, irin waɗanda aka yi ta yi a karkara domin a tare ruwan rafi kada ya riƙa share gonaki da gidaje da damina, a kuma samu na ban ruwa da rani. Ko gaisuwa na kira mu yi, ba ma rabuwa sai ta sako zancen dam ɗin nan. Ta ce bayansa na naso, ta ce bara ruwa ya kusa hawa kansa, ta ce maza sun ce ba komai. Da bazara ta kama sai na shirya in je in gani, in kuma tafi da wanda idonsa ya fi nawa, wato Kawuna da ke Tudun Wada, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a aikin ruwa har ya yi ritaya.

Na hau mota a Unguwa Uku da sassafe. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani ya san yadda ido ke hutawa idan an iso Kura da Kadawa. Ko'ina ƙasa ta bushe ta yi fari, sai ga kore shar, shinkafa da albasa da tumatir, ga kwanduna jere a Kwanar Gafan ana lodi. Duk wannan albarkar ruwan Tiga ce, Tiga kuwa tudun ƙasa ne da aka ɗora a zamanin Audu Bako, aka gama a 1974. Saboda haka kada wani ya ɗauka madatsar ƙasa aikin raini ce. Da yawa daga cikin manyan madatsun Arewa da ƙasa aka yi su, kuma idan an kula da su har jikoki suna sha. Sai dai a wannan yankin ne kuma Bagauda take, inda dam ya fashe a watan Agusta na 1988 bayan an yi ta zabga ruwa, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. Wani dattijo da ke gefena a mota ya tuna shekarar, ya yi addu'a ga waɗanda suka rasu, muka amsa da amin.

Na sauka a Kwangila, na shiga keke muka bi ta PZ muka haye gadar Kubanni. Na leƙa ƙasa. Ruwan bai fi a tsallake shi ba, ga lambuna har cikin gaɓa, ga leda ta maƙale a jikin ciyayi can sama, inda ruwan bara ya kai ya ajiye ta. Kawu yana zaure ana yi masa aski na iso. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, bai ce komai ba sai da wanzami ya gama, sannan ya ce, "Ɗana, kafin mu je wurin Hajiya sai mun je Samaru. Wanda bai san yadda ake gina dam ba, ba zai gane ciwonsa ba."

Da la'asar muka isa bakin madatsar Kubanni da ke cikin Jami'ar Ahmadu Bello. An yi ta a farkon shekarun 1970 domin jami'a ta samu ruwan sha, ba don tare ambaliya ba, amma Kawu ya ce ƙa'idar ginin duk ɗaya ce. Muka tsaya inda ake hango tudun daga wannan bakin zuwa wancan, ya riƙa yi mini bayani da sandarsa. Ya ce ana fara haƙa rami a tsakiya, a bi tsawon dam ɗin, har a tarar da ƙasa mai tauri da ruwa ba ya ratsawa. Sai a cika ramin da yumɓu, a ci gaba da ɗora shi har sama. Ba a zubawa gaba ɗaya. Ana shimfiɗa kamar taƙi guda, a yayyafa ruwa daidai misali, rola ta bi ta danne, sannan a ƙara wani. Wannan yumɓun na tsakiya shi ke hana ruwa wucewa, ƙasar da ke gefe da gefe kuwa nauyinta ne ke riƙe shi. Fuskar da ke kallon ruwa ana jera mata duwatsu don kada kaɗawar ruwa ta ci ta. Bayan dam ana dasa gajeriyar ciyawa irin kiri-kiri. A gindinsa ta baya ana binne yashi da tsakuwa, su tace ruwan da ya sulalo, su sake shi ya fita ba tare da ya ɗebi ƙasa ba. Sannan a gefe guda a yi mafitar rarar ruwa, wadda take ƙasa da kan dam, ta yadda komai cikar da tafki ya yi, ta can ruwan zai bi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce babu madatsar ƙasar da ba ta naso. Duk suna yi, an kuma san da haka tun wajen zane. Abin tambaya shi ne ta ina ruwan ke fita, nawa ne, kuma me ya ɗauko.

Ya kuma nuna mini can saman tafkin, inda ciyayi suka tsiro a wurin da ake ganin da ruwa ne. Malaman jami'ar sun sha auna zurfin wannan tafki, rubuce-rubucensu sun nuna laka ta rage shi. Dalilin a fili yake: Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a 'yan watanni, kuma duk ƙasar da ruwa ya kwaso daga gonaki da kwazazzabai da wuraren da aka sare itace, a tafki yake sauke ta. Ga dam na ruwan sha, laka na nufin ƙarancin ruwa da rani. Ga dam da aka yi don tare ambaliya, abin ya fi haka muni, domin amfaninsa duka shi ne ya kasance da sararin da zai karɓi ruwan da ya zo bagatatan, ya riƙe shi, ya sake shi a hankali. Idan laka ta zauna a sararin, ruwan marka ba shi da masauki.

A hanyar komawa Kawu ya lissafa mini sauran madatsun ƙasar Zazzau: ƙananan tafkunan Bomo da Makwaye a nan kusa da Samaru, na Shika, tsohon dam ɗin Zariya a kan Galma, da babban na Galma da ke Kuzuntu a Ƙaramar Hukumar Kubau. Kubanni kansa Galma yake faɗawa, Galma kuma ya faɗa kogin Kaduna. Ya ce manyan nan ko ba komai an san da su, akwai ma'aikata, akwai takardu. Waɗanda suka fi ba shi tsoro su ne ƙananan da ke ƙauyuka, waɗanda aka gina aka yanka kintinkiri aka tafi.

Washegari muka ɗauki mashin. Hanyar burji ce, ƙura har cikin haƙori, gonaki an share ana jiran ruwan shuka, takin gida an jibge tsibi-tsibi. Gwaggo ta tarbe mu da fura mai sanyi, ta durƙusa suka gaisa da Kawu, ya tambaye ta maigida da yara da zafi. Ba mu zauna sosai ba. Ta haɗa mu da babban ɗanta, muka nufi dam, yara na biye da mu.

Daga nesa ba ka ganin aibu. Tudu ne dogo ya tare kwari, ga inuwar dalbejiya a jikinsa, ga shanu na shan ruwa, ga injinan ban ruwa na ta ƙugi a bakin tafki. Kawu ya ce mu fara ta kai. Muna cikin tafiya sai ya tsaya, ya tsuguna ya kanne ido ɗaya yana duban tsawon dam ɗin. Ya ce in zo in duba. A tsakiya kan dam ɗin ya lotsa, daidai inda shanu da masu mashin suka mayar hanyar sauka. Shekara da shekaru kofato na ci, ruwan sama na wankewa, har wurin ya yi ƙasa da sauran da kusan kamu guda. Ya ce tsayin dam ba a auna shi a inda ya fi tudu, ana auna shi ne a inda ya fi kwari, domin ta nan ruwa zai fara hawa. Madatsar kankare tana iya jure ruwa ya bi ta kanta. Ta ƙasa ba ta iyawa. Da zarar ruwa ya haura ya fara gangara ta baya, sai ya yanka ƙaramar hanya, hanyar ta faɗaɗa, cikin 'yan sa'o'i ta zama ƙofa.

Akwai tsaga ma, amma bai damu da kowace ba. Ƙananan tsage-tsagen da zafin rana ya jawo ya wuce su. Da ya ga wata da ta ratsa dam ɗin a gicciye, daga ɓangaren ruwa zuwa baya, sai ya karɓi kara ya zura a ciki, ya yi alama da farce a inda ya tsaya, ya ce wa ɗan Gwaggo ya ajiye karan, ya dawo bayan ruwan farko ya sake zurawa. Irin wannan tsagar ce ruwa ke iya bi idan tafki ya cika.

Sai muka gangara baya, nan ne muka daɗe. Itatuwan dalbejiyan da suka burge ni daga nesa su ne farkon abin da ya girgiza wa kai. Saiwarsu na bin danshi, danshi kuwa yana cikin dam. Muddin itacen na raye iska na iya tumɓuke shi ya tafi da ƙasa. Idan ya mutu ko aka sare shi, saiwar ta ruɓe a ciki ta bar rami siriri mai tsawo. Kusa da su ga suri biyu, ɗaya ya kai ƙugun mutum. Ɗan Gwaggo ya ce ai gara ba ta da ƙarfin da za ta kayar da wannan tudun. Kawu ya ce abin da ka gani a sama kaɗan ne, gidanta na ƙasa, kuma duk inda ta yi ɗaki, ƙasar da rola ta danne ta zama holoƙo. Haka ramukan burgu da kurege da muka gani a ƙarƙashin sabara.

A gindin dam, wajen hagu, akwai wani wuri da ciyawa ta yi kore alhali ko'ina ya ƙone. Da muka taka sai ƙafa ta nutse. Wannan ne nason da Gwaggo ke faɗa. Kawu ya naɗe hannun riga, ya hana yara matsowa, ya share ciyawar da hannunsa har ya gano idon da ruwan ke tsattsafowa. Ya yi masa 'yar hanya, ya ce mu koma inuwa mu jira, domin takun ƙafarmu ya dama wurin. Bayan an jima ya ɗauko farar kwalba daga aljihu, ya tara a hankali har ta cika, ya ɗaga ta sama yana dubawa a rana. A idona ruwan garau yake. Ya ajiye kwalbar a kan dutse, muka ci gaba da hira. Da muka waiwaya, sai ga wani siririn gari ja-ja ya kwanta a gindinta, bai kai kaurin farce ba. Kawu ya daɗe yana kallonsa. Ya ce ba zai yanke hukunci da kwalba ɗaya ba, sai an maimaita. Amma ya ce ruwa mai tsabta da ke fita daidai gwargwado ba ya tayar masa da hankali, wanda ya fito da ƙasa kuwa daga cikin dam ya ɗebo ta, kuma kowane cokali da ya fita ya bar gurbi. Gurbin na cin baya-baya, daga gindi zuwa ɓangaren tafki, ba wanda ke gani, har ranar da ya haɗu da ruwa. Abin da ya ƙara damunsa shi ne yanzu bazara ce, ruwan tafkin na can ƙasa. Idan yana haka yanzu, ina ga Agusta.

'Yan taku kaɗan daga nan akwai ramin da ake haƙar ƙasar tubali, an ci har jikin gindin dam. Ban ga laifin mai neman ƙasar gini ba, amma wannan ƙasar ita ce ke tokare da tudun.

Mafitar rarar ruwa ce muka duba a ƙarshe. An jera mata buhunan yashi a baki, an liƙe da laka, tsayin ya kai gwiwa. Ciyayi da ƙananan itatuwa sun cika hanyarta, a ƙarshenta kuma ruwa ya ci ƙarƙashin kankaren har ya bar shi a rataye. Masu lambu ne suka jera buhunan a ƙarshen damina don tafki ya ƙara riƙe ruwa, ba a kuma kwashe ba. Ka haɗa wannan da lotsawar da muka gani a kai: an ɗaga ƙofar fitar ruwa, kan dam ya sauka, tazarar da magina suka bari a tsakani an ci ta daga sama da ƙasa.

Da na tsaya a wurin sai Derna ta faɗo mini a rai. Madatsu biyu ne a kwarin da ke saman wannan birni na Libiya, an gina su a shekarun 1970 da yumɓu da duwatsu, musamman don su kare garin daga ambaliya. An san sun tsage tun shekarun 1990, wani malamin jami'a ma ya rubuta gargaɗi a 2022. A daren 10 zuwa 11 ga Satumba na 2023 guguwar Daniel ta sauke ruwa, duka biyun suka ɓalle, mutum fiye da 4,000 aka tabbatar sun rasu, dubbai kuma ba a gan su ba. Dam ɗin ƙauyen Gwaggo bai kama ƙafarsu ba wajen girma. Amma a ganina madatsar tare ambaliya da aka yi watsi da ita ta fi rashinta haɗari, domin ita ke sa mutane su saki jiki su gina gida a inda kakanninsu ba sa kwana, sannan ranar da ta gaza, ruwan da da zai wuce cikin kwanaki sai ya zo a lokaci guda.

Bayan sallar la'asar muka je zauren dagaci. Kawu ya cire takalmi ya zauna, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mun zo tsorata kowa ba ne. Dam ɗinku bai mutu ba, amma yana neman magani." Ya ajiye kwalbar a gabansa, ya bayyana abin da muka gani dalla-dalla. Da aka zo kan buhuna sai wani magidanci mai lambu ya ɗaga murya. Ya ce, "Baba, da wannan ɗan ruwan da muka ƙara muke kai tumatir ƙarshen rani. Laka ta cinye tafki. In mun kwashe, me za mu ci?" Gaskiya ya faɗa, kuma ba wanda ya musa masa. Kawu ya ce, "Ɗana, kai ma gidan ƙasa kake kwana. Ka taɓa toshe indararo don ka tara ruwa a kan soro?" Mutumin ya yi shiru. Kawu ya ce maganin ƙarancin ruwa shi ne a yashe tafki, a daina noma har bakin rafi a can sama, a dasa jema a gaɓa ta riƙe ƙasa.

Dagaci ya ce rabon da wani ma'aikaci ya zo ya taka dam ɗin nan da ƙafarsa har an manta. Ba ma'aunin ruwa, ba mai gadi, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ga abin da za ku riƙa dubawa. Wannan ne ya fi ɓata mini rai a tafiyar duka. Mutanen nan ba sakarkaru ba ne. Sun san ƙasa, sun san ruwa, suna yaɓe ɗakunansu kafin kowace damina. Da an nuna musu abin da Kawu ya nuna mini a yini ɗaya, da ba a kai nan ba.

Aka raba aiki gida biyu. Wanda gari zai iya yi da gayya kafin ruwa ya sauka: kwashe buhuna, share mafita, sare ƙananan itatuwa da sabara, hana haƙar tubali a gindi, sauya wa shanu hanyar sauka. Wanda kuma Kawu ya hana su taɓawa: manyan dalbejiyoyin, surin, wurin nason, cike lotsawar kai, da kankaren da ke rataye. Ya ce waɗannan sai injiniya ya gani, domin tumɓuke babban itace ko haƙe suri yana barin rami a jikin dam, kuma dole a cike shi da yumɓu a danne shi yadda ya kamata, tun ruwan tafki bai cika ba. Ya gargaɗe su musamman kada su toshe idon nason da laka, domin ruwan zai taru a ciki ya nemi wata hanya.

Sai maganar dare, wadda mata suka fi matsuwa a yi, har Gwaggo ta aiko daga cikin gida a tambaya. Aka kafa turke a bakin tafki, aka yi masa zane da fenti, aka sa samari biyu su riƙa duba shi duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi. Kawu ya ce abu huɗu ne idan an ga ɗaya ba a jiran shawara: ruwan naso ya ƙaru ya koma ja, ruwa na juyawa yana shigewa a wuri guda kusa da jikin dam, bayan dam ya zame ko tsaga ta buɗe, ko ruwa ya haura zanen ƙarshe ana kuma ci gaba da yi. A sanar ta lasifikar masallaci, a fara da tsofaffi da yara, a bi gefe a hau tudun makarantar firamare, kada a bi kwari, kuma kada kowa ya hau kan dam kallo.

Kafin magariba malamin makaranta ya rubuta takarda da sunan gari zuwa ga hukumar da abin ya shafa, aka lissafa abin da aka gani, dagaci ya sa hannu, na haɗa da hotunan da na ɗauka a waya. Kawu ya karɓa ya ce shi zai kai da kansa ranar Litinin, zai kuma tsaya sai an buga masa hatimi a kwafin da zai mayar wa dagaci.